Gungun galaksi da ke lankwasa haske: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na nuna ma 'yan fadarmu ta nan Birni hoton nan na James Webb, madubin hangen nesa da ke can sararin samaniya, mai cike da jajayen layuka lankwasassu kamar an yanke farce an watsar a bakin zane, ban sake samun sukuni ba, wannan ya tare ni a tasha, wancan ya turo murya karfe daya na dare wai mushe, wato malam, don Allah mene ne wancan, har wani dattijo makwabcinmu ya aiko jikanshi. Ni malamin fizik ne a lise, tambaya ba ta gajiyar da ni, amma maimaita amsa daya sau talatin tana gajiyarwa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Inda na rubuta miliyar, biliyan ke nan a bakin 'yan uwanmu na Najeriya.

Mushe, tukunna ma mene ne gungun galaksi?

Galaksi garke ne na taurari, namu da rana take ciki yana da taurari sama da miliyar 100, shi ne farin zanen nan kamar hayaki da ke ratsa sama in an dauke kuran, wato wutar lantarki, dare ya yi tsit. To su ma garkunan ba su cika zama su kadai ba, akwai inda daruruwa ko dubbansu suke taruwa wuri guda nauyinsu ya rike juna, wannan taron shi nake kira gungu. Babban gungu nauyinshi yana kamawa daga rana miliyar dubu 100 har ninki goma na hakan. Wani Ba'amurke George Abell ya bi hotunan sama daya bayan daya da ido ya fitar da jerin gungu 2712 a 1958, shi ya sa za ku yi ta jin Abell kaza Abell kaza, lamba ce kawai kamar lambar mota.

To ya haske zai lankwashe? A lakwal an ce mana mikewa yake yi

Ba a yi maka karya ba, an dai rage maka zance. A 1915 Einstein ya zo da bayanin cewa abu mai nauyi yana lotsa sararin da ke kewaye da shi, har da lokaci, haske kuma ba ruwanshi hanya kawai yake bi, in hanyar ta karkace sai ya karkace da ita. Ka aje buhun gero tsakiyar katifa ka gangaro goriba ta gefe, za ka ga ta kauce wajen buhun ba tare da kowa ya taba ta ba. Misali ne gurgu amma yana kai mutum bakin kofa.

Wani abu da yake bata mini rai, ana yawan kiran wannan jan da sunan maganadisu. Ba shi ba ne sam. Maganadisu karfe yake ja, wannan kuwa komi yake ja, dutse da ruwa da akuya da haske.

Kuma an gwada. Wadanda suka yi wayo a 2006 sun tuna husufin ranar 29 ga Maris da ya ratsa kasar nan, gari ya yi duhu da hantsi kaji suka rude. Irin wannan husufin aka jira ranar 29 ga Mayu 1919, Arthur Eddington na Ingila ya tafi tsibirin Principe can cikin teku kudu da Najeriya, wasu abokan aikin suka tafi Sobral a Birazil, suka dauki hoton taurarin da ke gefen rana lokacin da wata ya rufe ta, sai ga taurarin sun dan gusa daga mazauninsu. Gusawar da Einstein ya lissafa a bakin rana dakika 1.75 ce ta kusurwa, wato kamar fadin kwandalar dala ashirin in ka hango ta daga kilomita 3. Kadan ce kwarai, amma ninki biyu ce ta abin da lissafin Newton yake badawa, kuma awon ya goyi bayan Einstein.

Kawu ni fa ban gane yadda abu daya zai fito sau uku ko sau biyar a hoto ba

Yawwa, nan ne zancen yake. Dauki karamin kofin shayi na gilashi mai kaurin gindi, ka shanye tukunna, ka kunna kyandir ko tocilar salula a dan nesa cikin duhu ka leka ta gindin kofin. Hasken zai baje, wani lokaci ya rabu biyu, wani lokaci ya ja ya zama kamar lauje, in ka saita shi daidai tsakiya ya nemi zagayewa ya zama zobe. Wuta daya ce, hanyoyin da ta biyo zuwa idonka ne suka yi yawa.

Haka gungu yake yi. Akwai galaksi can baya da nisa, akwai gungu a tsakani, akwai mu. Hasken da ya kama hanyar wucewa ta dama da gungun, wanda da ba zai taba zuwa wajenmu ba, nauyi ya karkato shi ya fado mana, wanda ya bi ta hagu shi ma haka, ido kuma bai san an yi kwana ba, duk inda haske ya shigo mishi nan yake aje abin. Sai mu ga galaksi daya a wuri uku ko biyar, wasu a juye kamar a madubi, wasu an ja su sun yi tsawo. In saitin ya yi daidai sosai sai a samu zobe, ana ce mishi zoben Einstein. Faransawa suna kiran abin da sunan kawalwalniya, kuma sun yi gaskiya, duk wanda ya bi kwaltar Tanut da azahar ya ga ruwa kwance a gaba wanda ba ruwa ba ne, sama ce iska mai zafi ta lankwaso haskenta. Bambancin kawai can zafi ne ke lankwasawa nan kuma nauyi.

Me ya sa ake ce ma irin wannan lankwasawar mai karfi, akwai rarrauna ne?

Akwai. In lankwasawar ta kai har abu ya fito sau da yawa ko ya zama baka ko zobe, shi ne mai karfi, kuma a tsakiyar gungu inda nauyi ya cushe ake samunshi. Can gefe-gefe galaksin baya dan mikewa kawai suke yi wanda ido ba zai kama ba sai an hada dubbai an yi lissafi, shi ne rarrauna. Na uku karami ne, tauraro daya ya gifta gaban wani haskenshi ya karu na dan kwanaki ya koma.

Kar kuma kalmar karfi ta rude ku. Ko babban gungu abin da yake karkatar da haske bai wuce wajen dakika 30 zuwa minti daya na kusurwa ba, dakika 30 din nan kashi daya cikin 60 ne na fadin wata dan daren sha hudu. Nisan tafiyar ne yake mayar da 'yar kaucewa babba.

Wa ya fara ganin abin?

An rubuta shi a takarda shekaru da yawa kafin a gan shi. Einstein da kanshi ya yi dan gajeren rubutu a 1936 kan tauraro ya zama gilashi ga wani tauraro, ya ce ba ya sa ran za a gani. Shekara daya bayan nan Fritz Zwicky, mutumin Suwis da ke aiki a Kaliforniya, ya ce ku bar taurari ku duba galaksi, su ne ke da nauyin da za a gani. Aka share shekara 42. Sai 1979 Dennis Walsh da Robert Carswell da Ray Weymann suka ga wasu kwaza biyu manne da juna, kwaza wata irin zuciyar galaksi ce mai tsananin haske, suka duba suka ga ai tagwayen nan abu daya ne.

Na gungu kuwa sai tsakiyar shekarun 1980. Roger Lynds da Vahe Petrosian a Amurka, da kuma Genevieve Soucail da abokan aikinta na Tuluz a Faransa, kowa ta bangarenshi suka ga wani dogon baka a cikin Abell 370, aka yi ta ka-ce-na-ce ko mene ne, har a 1988 'yan Tuluz suka auna nisanshi ya fito yana can bayan gungun da nisa sosai, ba dan gidan ba ne. Daga nan musu ya kare. Yanzu wannan bakan ana mishi lakabi da Dodo saboda siffarshi, kuma a farkon 2025 aka bada labarin an tsinto taurari daidaiku sama da 40 a cikinshi da madubin James Webb.

Yaya, ba dai kyamarar ce ta samu matsala ba? Ko kuwa hadin kwamfuta ne irin na yanzu

Wannan tambayar ta fi kowace zuwa kuma ban ga laifinku ba, zamanin da ake hada hoton mutum yana magana bai yi ba. Amma duba. An ga bakan Abell 370 da madubai daban-daban a kasa tun kafin a harba madubin Hubble sararin samaniya a 1990, Hubble ya gan shi, James Webb ya gan shi, wuri daya siffa daya. Na biyu, ana tarwatsa hasken kowane hoto kamar bakan gizo a karanta layukan da ke ciki, su ne kamar zanen yatsa, suna fadin sinadaran da ke wurin da kuma nisanshi, in hotuna uku suka bada zane iri daya da nisa iri daya to mutum daya ne ya shigo ta kofa uku. Na uku kuma bakunan ba barkatai suke ba, duk kewaya tsakiyar gungun suke yi kamar 'yan kallon dambe.

Abin da yake gaskiya cikin zarginku shi ne launi. James Webb yana gani ne da hasken da ya wuce ja wanda idonmu ba ya kamawa, sai a bai wa kowane kashi launin da muke iya gani. Wannan fassara ce, siffar da wurin ba a taba su ba.

To an gani, sai me? Amfanin me zai yi?

Ni a wajena babban amfanin shi ne sikeli ne. Ba wanda zai dora gungu a ma'auni, amma girman bakan da nisan gungun da nisan abin da ke baya, in ka hada ukun nan lissafi zai ba ka nauyin da ke cikin da'irar, ba ruwanshi da nauyin yana haske ko ba ya yi. Kuma abin da ya fito yana da ban tsoro, taurarin duka galaksin gungun ba su wuce 'yan kashi kadan cikin 100 na nauyin ba, iskar gas mai zafin digiri miliyoyi da ke tsakaninsu ta dauki kashi 10 zuwa 15, sauran wajen kashi 80 zuwa 85 ba a ganinshi da kowane irin haske. Kamar ka ga amalanke ta fito daga kasuwar Dole da buhu biyu a sama amma tayoyi sun lotse jaki yana nishi, ka san akwai kaya a karkashi ko ba a fada maka ba. Wannan boyayyen nauyin shi Turawa suke kira bakin abu, Zwicky din nan dai shi ya fara hango shi a 1933 a gungun Coma ta hanyar gudun galaksi, mutane suka yi biris da shi.

Hujjar da ta fi burge ni ta 2006 ce, wani gungu da ake ma lakabi da Harsashi, asali gungu biyu ne suka yi karo suka ratsa juna. Gas din ya yi cunkoso ya tsaya a tsakiya, madubin Chandra ya nuna shi, galaksi suka wuce abinsu, da aka auna inda nauyi yake ta lankwasar haske sai aka same shi ya bi galaksi ya wuce, bai tsaya tare da gas ba alhali gas din ya fi taurarin nauyi. Ke nan akwai wani abu mai yawa da yake ratsa dan uwanshi ba tare da gogayya ba.

Amfani na biyu madubi ne na kyauta. Gungu yana kara girman abin da ke bayanshi, galibi ninki kadan zuwa gomomi, amma akwai wasu siraran layuka inda karin yake haurawa dubbai. Daga 2013 zuwa 2017 Hubble ya zuba ido kan gungu shida da gangan don wannan. Ta haka aka ga tauraro guda daya tak da aka sa ma suna Icarus, an sanar a 2018, haskenshi ya yi tafiyar shekara wajen miliyar 9, gungu ya kara shi sama da ninki 2000. A Maris 2022 kuma aka sanar da Earendel wanda haskenshi ya taso shekara miliyar 12.9 da suka wuce.

Malam an ce wai sun fadi lokacin da tauraro zai fashe kafin ya fashe, wannan ba shiga gaibu ba ne?

Allah ya gafarta malam, ba su fadi fashewa kafin ta faru ba, fashewar ta riga ta faru tun shekara sama da miliyar 9, labarinta ne yake isowa kashi-kashi. Mota biyu su tashi daga nan Damagaram zuwa Kano lokaci daya, daya ta bi Matamaye da Daura, daya ta bi Magarya da Babura, ba za su shiga tasha tare ba, kuma wanda ya san hanyoyin in ya ga ta farko ta iso zai iya cewa ku saurari ta biyu wajen karfe kaza. Hisabi ne ba duba ba. Shi haske abu biyu ke jinkirta shi, tsawon hanya da kuma yadda lokaci yake tafiya a hankali kusa da nauyi mai yawa.

Ga yadda aka yi. A Nuwamba 2014 Patrick Kelly yana duba hotunan Hubble na gungun MACS J1149 sai ya ga dige hudu masu haske sun kewaye wata galaksi ta cikin gungun, fashewar tauraro daya ce ta fito sau hudu. Galaksin da tauraron yake ciki kuma gungun ya nuna ta a wurare uku, to masu lissafi suka ce a daya wurin an riga an yi an gama tun shekarun 1990 ba wanda ya lura, a dayan kuma bai iso ba tukunna, ku jira cikin shekara mai zuwa ko farkon ta gaba, ga daidai inda zai fito. Hubble ya yi ta lekawa, ranar 11 ga Disamba 2015 sai ga shi a wurin. Wallahi duk shekara in na ba 'yan terminal, wato 'yan ajin karshe, wannan labarin sai tsigar jikina ta tashi, don a nan ne taswirar nauyin da ba a gani ta ci jarrabawa, da karya ce da digon bai fito ba.

An sa ma fashewar sunan Refsdal, don Sjur Refsdal dan Norwe tun 1964 ya rubuta cewa in aka samu irin wannan aka auna jinkirin za a iya fitar da saurin fadadar sararin samaniya. Ya rasu a 2009 bai gani ba. Jinkirin ya fito kwana 376 ko kusa da haka, kuma a 2023 aka fitar da awon fadadar da shi. Wani gungun ma, SDSS J1004, jinkirin da aka auna tsakanin hotunan kwazarshi ya haura shekara 6 da rabi, mutane suka zauna suna jira suna rubutawa.

Ke nan lissafin ba ya kuskure?

Yana yi mana. Gungu ba gilashin likitan ido ba ne da aka goge, gindin kwalba ne mai kulli-kulli, kuma duk wani nauyi da ke kan hanya gaba ko baya yana sa hannu. Kungiyoyi daban su dauki hoto daya su fitar da taswira da ta dan saba, jimillar nauyin tsakiya suna haduwa a kai, amma in an zo ninki nawa aka kara ma wani dan dige kusa da layukan nan sai ka ji lambobi sun rabu. Shi ya sa in kun ga an rubuta an kara abu ninki dubu kaza ku rike shi da hannu biyu. A 2020 ma wani bincike ya nuna kananan dunkulen nauyi a cikin gungu suna lankwasa haske fiye da yadda kwaikwayon kwamfuta ya nuna, wajen ninki goma, har yanzu ana kan warware wannan.

Tunda gilashi ne, ba zai tara haske ya kona mu ba kamar yadda yara ke kona takarda?

A'a. Gilashin yara yana tara haske a dige daya ne, shi wannan ya fi lankwasa na kusa da tsakiya ya sassauta ma na gefe, ba ya da dige daya da yake tarawa. Kuma hasken da ake magana ko an ninka shi dubu bai kai ido ya gan shi ba.

Za mu iya gani daga nan Zinder in mun hau dutse?

Bakunan dai a'a, ko da ka hau duwatsun Birni ka kwana, sai manyan madubai da daukar hoto na awoyi. Hoton farko na James Webb da aka nuna ranar 11 ga Yuli 2022, na gungun SMACS 0723, awa 12 da rabi aka yi ana tara haskenshi da madubi mai fadin mita 6.5, kuma duk abin da ke cikin hoton fadinshi a sama bai wuce kwayar rairayi da ka rike a yatsa ka mike hannu ba.

Amma akwai abin da za ka iya. Bayan damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba kafin hazo ya rufe, ka fita bayan gari a daren da ba wata, ka bar salula a aljihu minti ashirin ido ya saba, ka duba sama ta bangaren arewa, yamma da Kaza da 'ya'yanta, akwai wani dan fari-fari kamar tabon toka, Andromeda ke nan, galaksi sukutum, hasken shekara miliyon 2 da rabi. Ita ba a lankwasa ta ba, makwabciya ce, amma in ka gan ta sau daya da idonka hotunan nan za su daina yi maka kama da zanen atamfa.

Mushe in na bude hoton me zan duba, ni duk dige nake gani

Fara da masu kaho shida dogaye, wadannan taurarin gidanmu ne da suka shiga gaba, ka kyale su. Sai ka nemi manyan farare masu laushi kamar curin fura a tsakiya, su ne 'yan gungun. Daga nan ka zagaya da ido kewayensu kana neman sirara jajaye ko ruwan lemo da suka lankwashe suna fuskantar tsakiya, in ka samu daya ka duba kusa da shi ko daya gefen ko akwai mai irin launinshi da irin kullinshi a juye. Ka sauke babban hoton ba wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har ya dushe ba, yana cin megabit kam, gara ka bari sai ka samu wifi. Wanda ya samo tagwaye uku ya kawo mini fada bayan isha'i, shayin farko nawa ne.